Mafaɗaciya, Motar da Muka Haɗa a Mahjar

Ran nan motar jikana ta mutu mana a hanyar Madinar Masana'antu, inda yake aikin sito, muka tura ta har wata warsha, wato garejin gyara. Na zaci yaron da ke wurin zai ɗaga boneti ya kasa kunne. Ina! Wata 'yar na'ura ya ɗauko ya jona ƙarƙashin sitiyari, ya tsaya yana kallon fuskarta kamar mai karanta saƙon budurwa, sannan ya ce wai abu kaza ne ya lalace, kuma ba a gyara shi, sai dai a cire a jefar a sa sabo. Na ce masa, "Ya waladi, ɗana, ko sauraronta ba za ka yi ba?" Ya yi mini irin murmushin da ake yi wa tsohon da ya fara ruɗewa. Na matsa na leƙa da kaina, ban ga inji ba, wani baƙin murfin roba ne ya lulluɓe komai kamar an yi wa gawa sutura. Na ja tsaki na koma inuwa na zauna. Hannun yaron nan tas, ko ɗigon baƙin mai babu a farcensa, kuma wai makanike ne.

Mu ba haka muka tashi ba. Ni a nan Jidda aka haife ni, amma iyayena daga Sudan suka ƙetaro, su kuma nasu iyayen da ƙafa suka baro ƙasar Hausa da niyyar hajji, suka yi zango a gonakin auduga har zangon ya zama gida. A Mahjar na yi wayo, lokacin unguwar gidajen katako ce da na kwano, akuyoyi na yawo suna cin kwali, masu ruwa na bi lungu-lungu da jakuna suna kaɗa ƙararrawa. Da safe abin da ke tashe ka shi ne ƙarar guduma a kan ƙarfe, da ƙamshin ful da tamis, wake da gurasar karin kumallo, da kukan jiragen ruwa daga tasha. Sana'ata samkari, mai bugun bodin mota. In mota ta lotse, ni ke zaunar da ita in yi ta lallashinta da guduma har ta koma yadda aka ƙera ta. A warshar wani attajiri nake aiki, shi ne kafilina, wato mai tsaya mini, kuma a ƙarƙashin sunansa iƙamata take, takardar izinin zama ke nan, da ta Inna, da ta ƙannena mata. Har yau ɗin nan da nake magana, iƙamar gidanmu ba ta fita daga hannun zuriyarsa ba. An gaje mu kamar yadda ake gadon shago.

Bayan gidanmu akwai wani fili kewaye da kwano, hosh muke ce masa, na Kawu ne, yayan Inna, tsohon direban babbar mota wanda ya yi shekaru yana jigilar alhazai. Can muke taruwa in an tashi daga aiki, samari da ba mu kai goma ba, kowa da akwalar da yake haɗawa. A lokacin garin nan cike yake da manyan motocin Amurka, dogaye, masu fikafikai a baya kamar za su tashi sama. Masu kuɗi su hau, in ta yi tari kaɗan su yar, su sayi wata. Sai a jibge su a tashlih, inda ake fasa matattun motoci, rana na dukansu, gishirin teku na cinsu. Mu kuma can ne kasuwarmu. Mu ɗauko inji a nan, giya a can, lagireto a wani wuri, mu ɗora a amalanke mu turo har Mahjar muna zufa, mata na leƙe suna cewa ga mahaukatan nan sun dawo da tarkace. 'Yan Hosh ake kiranmu. Ni na buga mana alama da tsofaffin farantan alminiyom, sifana da guduma a giciye, kowa ya rataya ƙarƙashin bambar motarsa, kuma ba mai rataya ta sai Kawu ya yarda. Kawu yana zaune bisa wata tsohuwar kujerar mota da butar shayi a gefe, ba ya ɗaga murya. Cewa yake, "Wanda bai ji ciwo a hannu a kan motarsa ba, kada ya shigo mini da ita nan." Kuma, "Ba gudu a lungu, 'ya'yan mutane na wasa." In ladan ya ce Allahu Akbar, ko fulogi ne a bakinka, sai ka kashe inji. In motar ɗaya ta mutu a hanya, kowa ya tsaya, ba mai komawa gida sai an jawo ta. Yanzu ku dubi yaran da ke juyi da motoci a kan titi suna ƙona taya, motar da uba ya saya, su kaɗe ɗan mutane su gudu, kuma wai su ne masu son mota. Ko inda ake zuba ruwa ba su sani ba. Mota suke so, ko a ɗauke su a waya?

A cikinmu akwai wanda ya fi kowa, muna ce masa Ɗan Damagaram. Dogo ne, baƙi, goro ba ya rabuwa da kumatunsa. Hajji ya zo ya zauna, ba shi da iƙama, ya bar mata da 'yar jaririya a gida yana neman abin da zai koma musu da shi. A warshar da nake shi ma yake aiki, can baya inda ba a gani daga titi, kuma kafili ya san ba shi da takarda, shi ya sa duk aikin da ya gagara sai a tura masa, a sallame shi da abin da aka ga dama. Larabcinsa a karye yake, Hausarsa kuma cakuɗe da Faransanci, kome ka faɗa sai ya ce "bon" kafin ya amsa. Amma in ya dafa bakin sukundireba a jikin inji ya kanga kunne a ƙotarta, ya lumshe ido, to duk surutu sai ya tsaya a hosh, har Kawu sai ya ajiye kofi. Ni da shi muka shaƙu, faranti ɗaya muke ci, Inna ta ɗauke shi ɗa. Wata rana muna tsugune a inuwa ya ce mini, "Bon, Samkari, me ya sa kowa ke wahala da gurguwarsa? Mu haɗa guda ɗaya, ni in ba ta zuciya, kai ka ba ta jiki, mu ga wanda zai sha gabanta a garin nan."

Bodin wata tsohuwar mota mai ƙofa biyu muka samo, wadda ta gaji da hanyar Makka har aka yar da ita kaji na ƙwai a ciki. Injin kuma mai silinda takwas ne, daga wata ƙatuwa mai fikafikai da ta daki raƙumi. Ƙafar baya ta ƙaramar motar kaya ce. Na yanke rufin da zarto, na sauke shi ƙasa kamar ɗani guda, na mai da shi da walda, har sai ka sunkuya kafin ka shiga. Na ɓalle mata duk abin da ba ya ƙara gudu, har marufan taya. Salansa ba mu sa ba, bututun ruwa muka lanƙwasa a wuta muka fito da su ta haƙarƙari. Fenti kuwa ragowar na jirgin ruwa ne da wani ɗan uwanmu mai dako a tasha ya roƙo mana, ja mai duhu kamar ƙasar tukwane. Inna, wadda kullum take zagin mu cewa mun cika mata igiyar shanya da ƙaurin baƙin mai, ita ce ta je Bab Makka ta zaɓo yadi mai kauri, ta haɗa da guntun tantin alhazai, ta ɗinka mana kujeru a kekenta. Mun ci zafi guda da sanyi guda a kan motar nan. Tabon da ke bayan hannuna na hagu, nata ne.

Ranar da muka fara tayar da ita da hantsi ne, ran Juma'a. Ɗan Damagaram ya ɗiga fetur a kafireta da murfin kwalba, ya ce bismilla, ya ce in murɗa. Ta yi tari, ta yi atishawa, sannan ta kwatsa wata irin tsawa da ta sa kwanon hosh ya ɗauki rawa. Akuyoyi suka watse, jarirai suka fashe da kuka, wani maƙwabcinmu Bayamale ya fito da zane a hannu yana salati. Inna ta faɗo da ludayi tana cewa, "Innalillahi! Wace mafaɗaciya ce kuka kawo mana unguwa? Ku kashe ta kafin a tashe mu!" Kawu ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Daga ranar sunanta ke nan, Mafaɗaciya.

Sai dai mota ba ta hawa titi sai da istimara, takardar mallaka, ita kuwa wannan daga gawa uku aka tashe ta, wa zai ba mu takardarta? Labari ya kai kunnen kafili. Ya kira ni ya ce, "Ai ku 'ya'yana ne. Ku kawo in sa sunana a kai, in fitar muku da lamba, ku yi ta wasanku." Da na gaya wa Kawu sai ya ce, "Ban so ba. Amma in ba haka ba, a nan za ta tsufa tana yi wa kaji ihu." Haka aka yi.

Kudu da gari akwai sabkha, wani fili mai gishiri shimfiɗe kamar tabarma, teku a dama, ba gida ba itace. Duk Juma'a bayan la'asar can ake haɗuwa. Yamalawa su zo da tasu, Buharawa da tasu, mutanen Jawa da wata 'yar ƙarama mai kukan sauro, mu kuma mu jero daga Mahjar farantanmu na ƙyalli, Mafaɗaciya a gaba. Ba caca, ba kyauta. Mutum ɗaya zai tsaya a tsakiya ya ɗaga ƙyallen kansa, in ya saki a tashi, wanda ya fara kaiwa wata tsohuwar ganga shi ya ci. Bayan nan a shimfiɗa tabarma, wanda aka kayar ya zuba shayi, a buɗe boneti kowa ya leƙa na kowa, a yi gardama da harsuna biyar har magariba. A wurin nan ba wanda ya taɓa tambayata iƙama. Abin da ake tambaya shi ne, "Wa ya yi wannan waldar?" in ce ni ne, a jinjina kai. Ban sake samun wurin da na tsaya da tsayina sosai kamar filin nan ba.

Wata Juma'a sai ga ɗan kafili. Sa'ana ne, bai daɗe da dawowa daga ƙasar waje ba, ya zo da wata sabuwar mota gajera mai sheƙi wadda aka sauke daga jirgi a makon, abokansa cike da wata a baya. Ya zagaya Mafaɗaciya yana toshe hanci, ya ce da Larabci, "Wannan ce tukunyar da ake ta magana? Yalla, ku fito da ita." Na ja Ɗan Damagaram gefe na ce, "Ɗan maigida ne fa." Ya tofar da goro ya ce, "Bon. Injin bai san ɗan maigida ba. Shiga ka riƙe mini ƙofa, tana buɗewa." Na shiga. Ƙyalle ya faɗi. Abin da nake tunawa shi ne bayana ya manne da kujerar Inna, zafi na tasowa ta ƙarƙashin ƙafata, gishiri na dukan fuskata, haƙorana na karo da juna, hannuna ɗaya a ƙofa. Da farko yana gabanmu. Sai Ɗan Damagaram ya sauya giya ya danne totur har ƙasa, motar nan ta yi wani kuka da ban taɓa ji ba, muka wuce shi kamar yana tsaye. Da muka kai ganga na waiga, ƙurarmu kawai nake gani. Filin ya kaure da ihu, Yamalawa na jefa huluna sama, kuma abin da ya fi muni, abokansa ma dariya suke. Ya fito, fuskarsa kamar an shafa toka. Ya sake zagaya motar, wannan karon ba toshe hanci, ya ce, "Nawa?" Ɗan Damagaram ya ce, "Ba ta sayarwa ba ce." Ya maimaita. Aka maimaita masa. Bai tsaya zuba shayi ba.

Ba a sake Juma'a ba aka aiko janwe. Da rana tsaka, muna wurin aiki, Kawu da Inna kaɗai ke gida. Inna ta tsaya a ƙofar hosh ta baza hannuwa ta ce sai dai a bi ta kanta. Direban, wani bawan Allah da aka aiko, ya nuna wa Kawu takarda ya ce mai mota ne ya ce a kawo masa motarsa. Kawu ya kama hannun ƙanwarsa ya janye ta. Da muka dawo, baƙin mai kawai muka tarar a ƙasa inda take tsayawa.

Muka tafi ofishin kafili ni da Ɗan Damagaram, ko wanke hannu ba mu yi ba. Yana zaune ƙarƙashin fanka yana jan carbi, bai ce mu zauna ba. Na ce, "Allah ya ja kwananka, an yi kuskure, an ɗauke mana mota." Ya ce, "Motar wa? Sunan wa ke kai?" Na ce, "Sunanka, amma kai ka ce mu 'ya'yanka ne." Ya ce, "To ɗa yana da abin da ba na ubansa ba? Ƙarfen ma ai daga warshata kuka kwasa." Wallahi ko ƙusa ɗaya ba tasa a jikinta, kuma ya sani. Na ce masa haka. Ɗan Damagaram kuwa zuciya ta ciyo shi. Ya daki tebur har kofin shayi ya yi tsalle, ya zazzaga masa da Hausa, da Faransanci, da guntun Larabcinsa, ya nuna masa tafin hannunsa duk ƙuna da tsaga, ya ce, "Wannan ne istimara! Ɓarawo!" Kafili bai ɗaga murya ba. Ya ajiye carbi ya dube shi, ya kira shi da sunan da suke kiran baƙaƙe irinmu, ya ce, "Kai, Takruni, ina iƙamarka?" Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma, ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka. Takardunsu sun kusa sabuntawa."

Kwanaki kaɗan bayan haka, ana shirin azahar, motar jami'ai masu kamen marasa takarda ta tsaya a ƙofar baya ta warsha, ƙofar da baƙo bai san da ita ba. Mu da yawa ne a ciki, amma mutum ɗaya aka nema, kuma da sunansa. Yana ƙarƙashin wata mota aka jawo shi ta ƙafa. Ya roƙi a bar shi ya wanke hannu, ba a bari ba. Na bi su har bakin titi ina roƙo, wani ya tokare ni a ƙirji. Ya juyo ya ce mini, "Samkari, ka ce wa Inna ta yafe mini abincinta." Na yi ta yawo ina neman inda aka ajiye shi, Inna na dafa abinci ina kaiwa ana dawo da ni da shi, har aka ce mana an sa shi da sauran waɗanda aka kama a jirgin ruwa an mayar da su gida. Ya zo ƙasar nan da riga ɗaya, ya yi shekaru yana tayar da motocin masu kuɗi, ya koma wa matarsa da 'yarsa da riga ɗaya mai baƙin mai.

Kawu ya sa kwaɗo a hosh. Ya ce ba zai sake tara 'ya'yan mutane a kwashe su a gabansa ba. 'Yan Hosh suka watse, wannan ya koma tuƙin tasi, wancan ya koma Sudan, farantan suka koma murfin tukunya. Ni na ci gaba da bugun bodi a warshar nan, don akwai mata a wuyana, ina gaida mutumin nan kowace safiya har ya mutu, na kuma je jana'izarsa saboda idon jama'a. Sabkhar ma an cike ta an gina ɗakunan ajiya. Shekaru da yawa bayan haka wani alhaji daga Damagaram ya gaya mini ya san abokina, ya ƙare yana facin taya a bakin tasha, idonsa ya mutu, daga baya shi ma ya rasu. Ya ce har ƙarshen ransa in ya ji babbar mota ta wuce yakan faɗi abin da ke damunta, yara na yi masa dariya.

To, a sanyin bana jikan nan nawa ya zo ya ce zai kai ni wani wuri in ji daɗi. Shi Hausa yana ji amma ba ta fita a bakinsa sosai, rabi da rabi yake yi. "Jaddi, yalla, akwai ma'arad na tsofaffin sayyarat a bakin bahar, irin naku." Wato kaka ya zo ya ga baje kolin tsofaffin motoci a bakin teku. Na sa farar riga muka tafi da la'asar. Abin da na gani ya isa ya tayar wa mutum da hawan jini. Motocin da muke tsintowa a tashlih kaji na ƙwai a ciki, ga su nan bisa darduma, an kewaye da jan igiya, masu gadi na hana taɓawa. A bayan manyan motoci aka kawo su, a haka za a mayar, ba wadda ƙafarta ta taɓa ƙura. Masu su na tsaye da turare suna ɗaukar hoto. Na duba ko'ina, ban ga mutum ɗaya mai tabon ƙuna a hannu ba. Duk mu da muka raya motocin garin nan, baƙaƙe da Yamalawa da sauran bayin Allah, kamar ba a taɓa yin mu ba.

Sai na hango ta. An sauya fenti, an yi mata ja mai walƙiya, an lulluɓe bututun da azurfa, an cire kujerun Inna an sa fata, farantina babu. Amma rufin da ka yanke da hannunka ba ya ɓace maka. Na dafa kafaɗar jikana. A gefenta wani matashi ne mai fara'a riƙe da makirfo, yana gaya wa jama'a da Larabci cewa wannan mota tarihin gidansu ce, mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, shi ya ƙera ta da hannunsa a samartakarsa, shi kaɗai, daga tarkace, kuma ba a taɓa kayar da shi da ita ba. Mutumin da bai san bambancin sifana da cokali ba!

Ban san lokacin da na ce "Ƙarya ne!" ba, kuma da Larabci, da ƙarfi. Kawuna suka juyo. Jikana ya gane ko wane ne matashin, jikan kafili ne, kuma a kamfanin gidansu jikan nawa yake aiki. Ya damƙe hannuna yana raɗa, "Jaddi, Allah yakhallik, don Allah halas, ya isa. Shugli, aikina, jaddi. Iƙama tawa, ta Mama, duka."

Matashin ya ƙaraso, ba fushi a fuskarsa, ya ce, "Na'am, ya ammi?" Na ce na yi aiki a warshar kakansa, kuma na san motar nan tun tana gawa uku. Sai ya washe baki. "Mashallah! Jama'a, ga ɗaya daga cikin ma'aikatan da suka taimaka wa baba! Ku ɗauke mu hoto." Ya rungumo kafaɗata, ya miƙo mini makirfo ya ce in faɗi wani abu a kan marigayi. Taimaka! Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Shi ma ƙaryar aka ba shi ya girma da ita, ya gaskata, kuma ba abin da zan faɗa da zai taɓa shi.

Na karɓi makirfo. Na dubi jikana, idonsa ya cika da roƙo, yana da mata da ciki a gida. Sai na yi bismilla na fara da Hausa. Na faɗi wanda ya ba ta inji, da sunansa na yanka da na ubansa da garinsu. Na faɗi wanda ya yanke rufi. Na faɗi matar da ta ɗinka kujeru, da tsohon da ya ba da fili, da kowane ɗaya cikin 'Yan Hosh. Na faɗi yadda aka kayar da ɗan maigida a gaban abokansa, da yadda aka aiko janwe, da yadda aka jawo mutum ta ƙafa daga ƙarƙashin mota aka hana shi wanke hannu. Muryata ta cika bakin tekun nan ta lasifika, ina huci, hawaye na zuba, wayoyi a sama ana ɗauka ta. Da na kai ƙarshe na ɗaga hannu na ce Allah ya isa tsakaninmu da su. Sai jama'a suka amsa, "Amin!" Sun zaci addu'a nake wa marigayi. Aka yi tafi. Matashin ya sumbaci goshina, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi.

Muna fita, wata mata mai shara sanye da rigar aiki ta tsaya da tsintsiyarta a gabana, ta ce a hankali da Hausa, "Baba, ni na ji. Allah ya bi muku haƙƙinku." Ta sunkuya ta ci gaba da shara kafin mai duba su ya gani. A mota jikana bai kunna rediyo ba. Sai da muka kusa Mahjar ya ce, "Jaddi, ni ma na fahimta. Kullu, duka." Na ce, "To ka riƙe. In abin cikin matarka ya zo duniya, ka gaya masa da harshen da zai ji."

Da muka isa gida ya ba uwarsa labari. Ita ce babbar 'yata, ta zauna kusa da ni tana ba ni baki. "Baba, ku yi haƙuri, ku yafe. Duk sun mutu, ku kuma girma ya zo, ga hawan jini. Mota ce fa, ƙarfe ne." Na ce mata zufata da ƙunar hannuna na bar wa Allah, in ya so ya yafe musu wannan. Amma akwai mutumin da aka tura wa iyalinsa hannu wofi ya mutu makaho a bakin tasha, kuma bai ba ni wakilci ba. Nasa ba nawa ba ne da zan yafe. Ta ce in sha magani. Na sha, amma ban yafe ba.